Mai Wurin Bai Iso Ba

Ranar da ta fara lura da shi, ficewa yake yi daga aji ana tsakiyar lacca.

Ajin 'yan digiri na biyu ne, masu karantar tsaro da dokokin ƙasa da ƙasa. An saki labulaye an kunna majigi, Farfesa yana tsaye gefen allo yana nuna musu hoton wani gari da aka ɗauko daga sama. A hoton farko ga rufin kwano jere-jere, ga kasuwa, ga filin ƙwallo. Na biyun wurin ne dai, bayan 'yan bindiga sun shiga. Ba abin da ya rage sai baƙin tabo da kangaye.

"Ku dubi nan," in ji Farfesa, ya ɗora sandarsa a kan wani lungu. "Nan aka tara mazan garin. A jarrabawa zan tambaye ku wace doka aka karya, kuma wace kotu ke da hurumin shari'ar."

Kowa ya duƙufa yana rubutu. Sai ta ji an ja kujera a baya. Wani dogon saurayi siriri ya miƙe ya fita, ko jakarsa bai ɗauka ba.

Ita 'yan aji Lauya suke ce mata, don shari'a ta karanta a digirin farko, kuma gardama ba ta wuce ta gabanta ba ta tsoma baki ba. Shi kuwa ko muryarsa ba ta sani ba. Ɗan Baya ake kiransa, saboda kullum a kujerar ƙarshe yake zama, jikin bango.

Da aka tashi kowa ya watse, jakar tana nan a rataye. Ta ɗauka ta fita nemansa. A kan matakalar bayan ginin ta same shi, ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam, ka bar jakarka."

Ya ɗago, ya karɓa da hannu biyu. "Na gode."

"Lafiya dai? Ko ba ka jin daɗi ne?"

Ya amsa yana kallon zif ɗin jakar.

"Inda Farfesa ya ɗora sandarsa, bayan shagon babana ne."

Lauya ta tattara mayafinta ta zauna a matakala ta ƙasa da tasa. Suna nan zaune har inuwar ginin ta rufe su.

Shi ya fara magana. "Ki ara mini abin da kika rubuta. Jarrabawa ba ruwanta da garin wa aka ƙona."

Daga aron littafin nan komai ya soma.

Akwai wani tebur a laburare kusa da taga, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara wadda kowa ke gudu. Nan ya zama wurinsu. Da safe yana koyarwa a wata sakandare, da yamma ya taho da ƙurar alli a hannun rigarsa. A hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ta ji labarin. Babansa gyaran injin ban ruwa yake yi. Ranar da abin ya faru shi yana makarantar kwana. Innarsa ta tsira da ƙanwarsa a goye, ta kuma ga lokacin da aka loda mazan a mota. Tun daga ranar ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi.

"Na shigo karatun nan ne don in san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa," ya ce mata. "Yanzu na san sunayen ƙofofin duka. Buɗewa ce dai ba sa yi."

Ba kullum ne hirar take da nauyi haka ba. Wata rana tana wanke-wanke saƙonsa ya shigo:

"Lauyata, na karanta shafukan da kika ba ni. Rubutunki ya fi dokar kanta wuyar ganewa. Kin ci abinci?"

Ta goge hannu a zani ta mayar masa:

"Ka ara kuma ka raina? Na ci. Gobe ka matso kujerar gaba, wuyana ya gaji da waige."

"In na matso gaba, wa zan riƙa kallo?"

Ta kifa wayar a kan firji tana murmushi, har Ummanta ta leƙo ta tambaye ta ko kwanukan ne suke ba ta dariya.

Ta taɓa raka shi ofishin da ake cigiyar waɗanda suka ɓace. Dogon benci ne a baranda, cike da mata da tsofaffi, kowa riƙe da hoto a cikin leda. Shi ko hoton ba shi da shi, ya ƙone da gidan. Matar da ke bayan tebur ta san shi har ba ta tambayar sunansa.

"Babu wani sabon labari, ɗana."

Lauya ta matso ta soma jero mata haƙƙin da doka ta ba iyalai na sanin makomar nasu. Matar ta saurare ta har ta kai aya, ta gyaɗa kai.

"Gaskiyarki ce, 'yata. Da ina da abin da zan ba shi, wallahi da ban riƙe ba."

A hanyar komawa Lauya ce take kuka a cikin bas, shi yake ba ta haƙuri.

Bayan wannan ne ta je wurin Farfesa ta canza taken kundin bincikenta. Ta bar maganar tsaron iyakoki, ta koma kan iyalan waɗanda suka ɓace a rikici. Ba ta gaya wa Ɗan Baya ba. Kullum sai ta ce gobe, don ba ta san da wane baki za ta faɗa ba.

A ajin akwai wani da ake kira Oga, ma'aikacin wani ofishin tsaro ne da aka turo ƙaro ilimi. Ɗan abokin Abbanta ne, yana da mota, kuma tun ranar rajista yake bibiyar ta tana zillewa. Shi ya tare Ɗan Baya a wurin ajiye motoci.

"Ka ga taken kundin mutuniyarka kuwa? An liƙa a allon sanarwa. Ina jin kai ne babi na uku." Ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu, haka bincike yake. Sai an shiga jikin mutum yake magana."

Da yamma ta je teburinsu ba ta same shi ba. Saƙo ta samu:

"Na ga taken. Da kin faɗa mini tun a matakala cewa labari kike nema, da na ba ki shi duka, ba sai kin sha wahalar nuna kina so na ba. Allah ya ba da sa'a."

Ta kira bai ɗauka ba. Ta rubuta:

"Ɗan Bayana, ba don kundi na so ka ba. Don na so ka ne na kasa rubuta komai sai wannan. Na yi kuskure da na ɓoye maka. Don Allah ka ɗauka."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Makonni suka wuce. A aji yana shigowa bayan Farfesa, ya fita kafin a tashi. Ita da aka koya wa yadda ake kafa hujja, ta rasa hujjar da za ta kafa a kan abin da ke zuciyarta. Ƙarshe ta koma ofishin Farfesa ta ce ta janye taken.

"Kin san aikin zango guda za ki zubar?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Labari ya zaga aji. Washegari tana zaune ƙarƙashin fankar nan, littafi a buɗe ba ta ganin komai a ciki, sai ta ji an ja kujerar da ke gabanta.

"Me ya sa kika janye?"

"Ba ni da wata hanyar da zan nuna maka."

Ya sunkuyar da kai. Ya rame, ita ma ta san ta rame.

"Na ba Inna labari," ya ce. "Na ɗauka za ta taya ni fushi. Sai ta ce, 'Ashe akwai mai son ya rubuta? Shekara da shekaru ba wanda ya zauna ya tambaye ni yadda aka yi.' Ta ce in ce miki ki mayar da shi. Ni kuma na ce ki yafe mini, Lauyata. Na saba a ɗauki labarinmu a tafi, shi ya sa."

"Kada ka ƙara yi mini shiru irin wannan. Ka yi mini faɗa, na fi iya shi."

"Na sani. Duk ajin nan sun sani."

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta.

Sun ɗauka sun haye. Ashe Oga ya riga su zuwa gida.

Abbanta shagon kayan gini yake da shi, mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ko buhun siminti ba ya karɓa sai ya san daga inda ya fito. Ya kira ta falo, Umma tana gefe tana ninke kaya.

"An gaya mini wasu daga mazan garin su yaron nan da aka kwashe, daga baya an gan su riƙe da bindiga a cikin maharan. Gaskiya ne?"

"An ce an ga wasu, Abba. Tilasta musu aka yi. Kuma ba wanda ya ce ya ga babansa."

"Ba wanda kuma ya ce bai gan shi ba. Gobe in kin nemi aiki a bincika mijinki, me za a tarar? 'Ya'yanki a ce musu jikokin wa? Ba na ƙin yaron. Ya kawo mini shaidar cewa ubansa ba ya cikinsu, in ba shi ke."

"Abba, ta ina zai samo shaidar abin da ba wanda ya sani?"

"Ke ce mai karatun. Ni na gama magana."

Ɗan Baya ya je shagon da kansa. Ya durƙusa tsakanin bandiran kwano da robobin fenti ya gaishe shi. Abba ya maimaita masa tambayar.

"Ban sani ba, Abba," ya ce. "Da abin rantsuwa ne da na rantse. Na san mutumin da aka tafi da shi, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Amma ban san abin da aka mayar da shi ba, ban ma san ko yana numfashi ba. Ba zan faɗa maka abin da ban sani ba don ka ba ni aure."

Abba ya ce ya ji, Allah ya yi masa albarka.

Damina ta shigo ta fita. Ba a hana su gaisawa ba, ba a kuma ba shi izinin zuwa gida ba. Suna haɗuwa a aji, su yi aikin rukuni a kan yadda ake sasanta ƙasashe masu yaƙi, su rabu a bakin ƙofar makaranta kowa ya hau motarsa. Oga ya turo manya sau ɗaya, ta ce wa Umma gara ta zauna haka. Abba bai matsa mata ba. Da aka yi wa Oga canjin wurin aiki, maganarsa ta mutu, amma abin da ya shuka yana nan.

Ta rubuta masa wata rana:

"Na karanta duk abin da aka ba mu a kan sulhu. Ban ga babin da ya yi maganar uba da 'yarsa ba. Na gaji, masoyi. Ban san abin da zan yi ba."

Ya amsa:

"Ni ma ban sani ba, Lauyata. Abba bai yi laifi ba, tsoro yake ji, kuma abin tsoron ne. Jira kam a gidanmu muka koye shi. Abin da ba na so shi ne in koya miki."

Umma tana ganin yadda 'yarta ke tura abinci gefe. Wata safiya Abba yana shan shayi ya ajiye kofin ya ce wa Umma, "Yaron nan da ƙarya ya yi mini, da na huta. Maganarsa ta ƙi fita daga kaina. Shirya ki raka ni in ga uwarsa."

Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda a wani gidan haya, keken ɗinki a bakin ƙofa, kayan makaranta na yaran unguwa a jibge ana jiran a yi musu maɓalli. Inna ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa. Abba ya zo da shirin a roƙe shi. Ya yi bayaninsa a hankali, ya faɗi abin da yake tsoro.

Inna ta saurare shi, hannayenta a kan cinya.

"Abin da kake tsoro, ni da shi nake kwana, da shi nake tashi," ta ce. "Wani lokaci in roƙi Allah ya sa yana raye. Sai in tuna abin da rayuwar za ta iya zama a hannunsu, in rasa me zan roƙa. Ba ni da amsar da zan ba ka. Kuma kada ka ji nauyi, don ni ma ban shirya ba. 'Yarku ta shiga raina, amma uban yaro bai dawo ba. Ya za a yi a ɗaura wa ɗansa na fari aure ba ya nan? In ya dawo in ce masa me?"

A mota Abba bai kunna rediyo ba. Sai da suka kusa gida ya ce, "Na sa yaro ya kawo mini abin da duniya ta kasa kawo wa uwarsa." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ki gaya wa 'yarki na amince. Amma kin ji da kunnenki, yanzu maganar ba a hannuna take ba."

Haka aka koma wani jiran. Baffan Ɗan Baya, ƙanin babansa, ya ce a shirye yake ya tsaya, amma ba zai tsallake Inna ba. Ɗan Baya kuwa ya kasa buɗe baki ya roƙe ta, don ya san abin da roƙon yake nufi a wurinta.

Lauya ta mayar da taken da ta janye, ta riƙa zuwa gidan Inna saboda kundinta. Takan zauna a gefen keken ta kunna rikodar waya, Inna tana taka keke tana ba da labari. Wata ranar Inna ta tsayar da ƙafarta.

"Kashe abin nan, 'yata. Ni ma ina da tambaya. Ke da kika karanta doka, ni mece ce? Matar aure ce ko wadda mijinta ya mutu?"

Lauya ta kashe. Ta san amsar da ke cikin littafi, ta ma rubuta ta a babi guda.

"Inna, akwai hanyar da alƙali zai bi ya yanke, in kin nema. Amma takarda ce kawai zai ba ki. Abin da kike tambaya ta, wallahi ban sani ba."

"Ba ki ce in haƙura ba."

"Ba ni da bakin faɗar haka."

"Kowa ya zo sai ya ce in haƙura, ya mutu. Ko ya ce in daure, yana nan tafe." Inna ta zare zaren da ya sarƙe a allura. "Ina ganin idonki in ɗana ya shigo. Haka nake kallon ƙofar can. Ni tawa ƙaddarar ce, ban zaɓa ba. Amma ke ni ce na zaunar da ke, alhali naki yana nan yana yawo da ƙafarsa."

Ta ɗaga murya ta kira ƙanwar Ɗan Baya, ta ce ta kira mata Baffa a waya.

Bayan sun kare kundinsu da 'yan makonni aka ɗaura auren. Mutane sun cika ƙofar gidan Abba, har da Farfesa da 'yan aji. Da aka nemi wanda zai karɓa wa ango, Baffa ya gyara zama ya faɗi abin da Inna ta ce lallai sai ya faɗa a gaban kowa.

"Jama'a, ni wakilci nake yi. Wannan wurin na yayana ne. Mai wurin bai iso ba."

Ɗan Baya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Abba ne ya miƙo hannu ya riƙe nasa, bai saki ba har aka shafa fatiha.

Tana ɗaki cikin ƙawaye saƙonsa ya shigo:

"An ɗaura, matata. Ban san ana iya yin kuka da murna a numfashi ɗaya ba sai yau."

Ta rubuta masa:

"Alhamdu lillahi, mijina. Ka taho, na gaji da karanta ka a waya."

Da yamma aka kai su gaban iyaye. Umma ta yi nata nasihar, Abba ya yi tasa a gajarce. Inna ce ta ƙarshe. Ta kamo hannun ɗanta, ta kamo na amarya, ta haɗa su a kan cinyarta.

"Ba ni da abin da zan ba ku sai addu'a. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin ƙanku. Allah ya sa ku tsufa kuna ganin juna. Duk wanda ya fita a cikinku da safe, Allah ya dawo da shi gida da yamma."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin. Inna ba ta saki hannayensu ba sai da ta ƙara maimaita ta ƙarshen.